Kilomita 34 zuwa ɗakin tiyata: yadda wani gari a kwarin Binuwai ya haɗa agajin gaggawa

Garin da hanyarsa

Garin yana cikin Jihar Arewa ta Kamaru, a kwarin Binuwai, ƙasar auduga da masara da masakwa. Na ɓoye sunansa da na asibitoci da mutanen da abin ya shafa, domin akwai gidajen da zancen ke yi wa fami har yau. Ni ne magatakardan kwamitin lafiya na garin, wanda takardun gwamnati ke kira COSA, kuma daga kundin da ke hannuna na ɗauko lokuta da kuɗaɗen da za a gani a nan.

Kasuwar garin na ci ran Laraba. Sarauta ta Fulani ce, akwai unguwar Hausawa da sarkinta, mahauta da 'yan koli da dillalan shanu, sai ƙauyuka tara na manoma da masunta a kewaye, Musulmi da Kirista. A kasuwa Fulatanci ake yi, a ofis Faransanci, a gidajenmu Hausa.

Asibitinmu ƙarami ne. Akwai babban ma'aikacin jinya wanda kowa ke kira majo, da mataimakinsa, da ungozoma mai horo, da mai awon jini. Akwai ɗakin haihuwa mai gado biyu, da firji mai aiki da hasken rana inda ake ajiye rigakafin yara da allurar oksitosin mai tsuke mahaifa bayan haihuwa, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ta daɗe cikin zafi. A nan kuwa zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Babu likita, babu tiyata, babu ƙarin jini. Duk waɗannan sai asibitin gunduma, kilomita 34 daga garin: 21 na farko hanyar ƙasa, sauran kwalta. A kilomita na 12 akwai mayo, wato rafin da ke bushewa ƙaf da rani har yara su buga ƙwallo a yashinsa, da damina kuma ya kawo ruwa cikin awa guda ya rufe mashigi. Da rani babur kan kai asibitin gunduma cikin minti 50. A watan Agusta ba mai yi maka alkawarin lokaci.

Kamaru na da lambobin gaggawa: 119 ta motocin agajin likitoci, 118 ta 'yan kwana-kwana. Masu cin moriyarsu mutanen manyan birane ne irin su Yawunde da Duwala. Motar ɗaukar marasa lafiya ta gundumarmu guda ce tak, kuma a kan nemi dangi su biya man zuwa da na komowa. Akwai kuma cakin lafiya na masu ciki, wanda aka fara a jihohin arewa uku a 2015: mace ta biya sefa 6,000, ya ɗauke mata awon ciki da haihuwa da tiyata idan ta kama, har kwana 42 bayan haihuwa. Ya sauke wa mutane nauyi, sai dai aikinsa daga ƙofar asibiti yake farawa. Daga ɗakin mace zuwa wannan ƙofa, kowa tasa ta fisshe shi.

Agusta 2021: daren da ya tayar da maganar

Mace ce mai shekara 27, haihuwarta ta biyar, a wani ƙauye mai nisan kilomita 7. Ta haihu a gida da ƙarfe 9:40 na dare a hannun ungozomar gargajiya. Mabiyiya ta faɗo, jini bai tsaya ba. Mijin ya tafi kasuwar shanu ta Adumri, wayarsa ba ta shiga. Uwar mijin ta ce ba ta da ikon fitar da matar wani cikin dare. Aka ba ta jiƙo, aka canza mata zane har sau uku. Sai ƙarfe 11:00 aka tayar da wan mijin a wani gida, ya ce a tafi da ita.

Aka gwada babur, ta kasa zama. Aka ɗaura shanu, aka shimfiɗa mata katifa a amalanke. Ƙarfe 12:50 suka iso asibitinmu. Majo ya yi mata allurar oksitosin, ya murza mata ciki don mahaifa ta tsuke, ya ɗaura mata ruwa. Jinin ya ragu, amma hannuwanta sun yi sanyi, idanunta sun yi fari fat. Ya ce sai an ƙara mata jini. Aka kira motar gunduma, ashe ta tafi Garwa da wani mara lafiya. Aka buga wa wani ɗan kasuwa mai a-kori-kura ƙofa, ya ce sefa 25,000 saboda dare da laka. Ciniki da bin gidaje neman rance suka cinye lokaci, motar ba ta tashi ba sai 2:10. Da 2:45 suka tarar mayo ya kawo. Suna jiran ruwa ya ja, rai ya yi halinsa da ƙarfe 3:30 a bakin mashigi. Jaririyar ta rayu.

Bayan sadakar bakwai kwamiti ya zauna. Majo ya yi bayani cewa idan mai jego ta zubar da jinin da ya kai rabin lita an shiga haɗari, kuma zubar jini mai ƙarfi kan iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Ya ja layi uku a allo, kamar yadda masana harkar haihuwa ke kasa abin tun 1994: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun magani bayan an isa. Na kwafe su a kundi. Amma duk wanda ya miƙe, zancen mota da gada ya yi. Aka tashi a kan a rubuta wa magajin gari takardar neman mota.

Janairu zuwa Yuli 2022: babur mai ƙafa uku

Mota ba ta samu ba. An dai ba mu babur mai ƙafa uku, da gado a baya da rumfar tamfol da ƙugiyar rataya ruwa. Aka yi bikin karɓa a ƙofar fadar lamido, da kakaki da algaita. Wani matashi ya ce zai tuƙa kyauta don Allah.

A wata uku na farko babur ɗin ya yi tafiya 14. Daga Afrilu zuwa Yuli ya yi uku.

Ba mu tanadi kuɗin mai ba, don haka duk wanda ya kira sai ya fara neman abin sayen lita uku ko huɗu a bakin titi, wanda shi ne ainihin abin da ya tsayar da mu a 2021. Matashin kuma yana da iyali. Da ruwa ya sauka ya koma gonarsa, wani lokaci da makullin a aljihunsa. Ranar wata Laraba aka ari babur ɗin aka yi jigilar buhunan siminti na gyaran makaranta, tayar baya ta fashe, aka yi kwana 19 kafin a samo irinta daga Garwa. Batir ya mutu don zama.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa ba na inji ba ne. A watan Mayu wani dattijo ya rasu a asibitinmu, aka mayar da gawarsa ƙauyensu a kan wannan gado, a idon kowa. Daga ranar mata suka raɗa wa babur ɗin suna makara. Wata mai naƙuda ta ce wa ungozoma: "Yaya, ki bar ni in tafi da ƙafata, ba zan hau wannan ba." A ƙafa ta zo.

Afrilu zuwa Agusta 2022: kuɗin wata-wata

Da muka ga mai ne ke tsayar da mu, sai muka sa wa kowane gida sefa 200 a wata. Watan farko gidaje da dama suka biya. Da aka shiga Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa na neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, masu karɓa suka daina fita don kunyar mutane. Ba a ba da rasit ba. Kuɗin na hannun mutum ɗaya a gwangwani, sai ya ba wani maƙwabcinsa rancen wani kaso don hidimar suna, da niyyar a mayar da kaka. Ba sata ba ce, an kuma mayar daga baya, amma zance ya riga ya zaga gari cewa kwamiti ya ci kuɗi. Sannan gardama ta tashi: wanda ya biya wata biyu ya tsallake uku, a ɗauki matarsa ko a bar ta? Ba mu da amsa. Asusun ya mutu ba tare da an sanar ba.

Satumba 2022: yaron da kububuwa ta sara

A wannan watan aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a sama da Garwa. Binuwai ya cika ya batse, mayonmu ya rasa inda zai zuba, mashigi ya rufe kwana tara a jere.

Cikin kwanakin nan kububuwa ta sari wani yaro mai shekara 14 a ƙafa yana yankan ciyawa. Wannan macijiya, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce babbar masifar manoman kwarin Binuwai, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Iyayensa suka yi abin da suka gada: suka ɗaure ƙafar tam da roba, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse. Washegari dasashinsa ya fara jini, tsagar ma ta ƙi tsayawa. Da aka kawo shi, mai awon jini ya ɗebi kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, ya ajiye minti 20 bai taɓa ba. Da ya karkata ta, jinin na nan ruwa. Wannan awo shi ke nuna dafi ya shiga jiki, kuma maganinsa ɗaya ne, allurar kashe dafi, wadda ba mu da ita.

Kawun yaron masunci ne. Bai tambayi kowa ba, ya je ya jawo kwalekwalensa zuwa mashigi. Majo ya kira wani abokinsa ma'aikacin jinya a asibitin gunduma, ya ce a duba ko akwai allurar, a kuma turo babur ya jira a ƙetare. Aka kai yaron bakin ruwa a amalanke, aka haye da shi, babur ya ɗauke shi da mutum ɗaya a baya yana riƙe da shi. Ya tarar an riga an fito da allurar. Ya kwana shida, ya dawo da ƙafarsa.

A zaman kwamiti na Oktoba ungozoma ce ta ce a duba wannan tafiyar da kyau: abin hawa uku aka yi amfani da su, ba ko ɗaya namu, kuma kiran waya guda ya sa magani ya jira yaron maimakon yaron ya jira magani.

Disamba 2022 zuwa Maris 2023: sabon tsari

Mun yi zama bakwai. Wannan karon mun kira masu babur na haya, masunta biyu, ungozomomin gargajiya, limamin Juma'a, mai wa'azin coci da shugabar ƙungiyar mata. A baya ba a taɓa gayyatar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Aka fara da waya. An sayi ƙarama guda mai riƙe caji, aka rubuta lambarta da fenti a bangon masallatai da coci da injin niƙa na kowane ƙauye. Mutum uku ke karɓa-karɓa da ita mako-mako, kuma sharaɗin zaɓensu shi ne su ji Fulatanci da Hausa da Faransanci, don mai kira a firgice da harshen uwarsa yake magana, asibitin gunduma kuwa da Faransanci ake yi masa bayani. Tambaya huɗu mai waya ke yi, ba ƙari: wane ne, a ina, me ya same shi, tun yaushe. A ƙauyuka biyu da rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sosai, an nemo wurin da yake kamawa, a ɗaya gindin wata kuka, a ɗayan kan tudun makaranta, aka sanar da kowa.

Sai abin hawa. Masu babur takwas da masu a-kori-kura biyu suka shiga jerin kwana. An yanke kuɗin kowace tafiya bisa nisa, na rani daban na damina daban, aka liƙa a bangon asibiti. Doka ce ba a ciniki da dare, kuma direba ba ya karɓar ko dala daga dangin mara lafiya. Da safe ya zo wurin ma'aji a biya shi. Masuntan biyu suka yarda su riƙa kwana kusa da mashigi daga Yuli zuwa Oktoba, a ƙetare kuma muka yi yarjejeniya da wani mai mota a ƙauyen bakin kwalta. Babur mai ƙafa uku aka gyara shi, aka sake masa fenti da tamfol, aka ba shi direba mai ɗan alawus, aka rataye makullin a ɗakin majo. Aka kuma rubuta a jikinsa cewa ba ya ɗaukar gawa, ba ya ɗaukar kaya. An ajiye lita 40 na mai a jarka biyu da kwaɗo, duk abin da aka zuba a cike gurbinsa washegari.

Kuɗi sau ɗaya a shekara ake karɓa, sefa 1,500 kowane gida, a makon da kamfanin auduga na SODECOTON ya biya manoma kuɗin auduga. 'Yan kasuwa da mahauta, da ba su jiran auduga, suna bayarwa a kasuwar jajiberin Sallah. Kowa da rasit. Kuɗin na zaune a asusun waya, ba a cire shi sai mutum biyu cikin uku sun hallara. Duk wata uku a kan karanta abin da ya shiga da wanda ya fita bayan sallar Juma'a da kuma ran Lahadi a coci. Wanda bai biya ba, ana ɗaukar mara lafiyarsa, ya biya kuɗin tafiyar da kaka. Wannan ya sha gardama, har wani ya ce to wa zai biya ke nan. Sarkin Hausawa ne ya kashe maganar, ya ce shi zai bi bashin da kansa.

Batun izini ya fi komai cin lokaci, zama uku ya ci. Shugabar mata ta ce wa sarki a gaban jama'a: "Ranka ya daɗe, wadda ta rasu bara ba laka ce ta riƙe ta awa guda da minti 20 ba." Aka yi tsit. Liman ya yi huɗuba a kai, cewa tsare rai na gaba da jiran izini idan larura ta kai larura. Amma abin da ya yi aiki a zahiri ƙarami ne: a wurin awon ciki ana kiran miji sau ɗaya, ya faɗa da bakinsa a gaban ungozoma cewa idan jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ko naƙuda ta wuce yini, a tafi da matarsa ko ba ya nan, ya kuma ambaci wanda zai tsaya a madadinsa. Ana rubuta wannan a bayan katin awo. Uwar miji da ta ga rubutu a kati ba ta jin tsoron abin da ɗanta zai ce.

Majo da ungozoma suka yi wa direbobi da masu waya da ungozomomin gargajiya horon kwana biyu. Mai zubar da jini bayan haihuwa, a murza mata ciki, a sa mata jariri a nono, a lulluɓe ta, a kira. Mai jijjiga ko wanda ya suma, a kwantar da shi a gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Wanda ya ji rauni yana jini, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a riƙe. Wanda ya faɗo daga babur, kada a ɗaga shi ta hannu da ƙafa kamar buhu, a tallafe kai da wuya a kan ƙofa ko katako. Saran maciji, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam. A cire zobe ko awarwaro, a ɗaura wa gaɓar kara don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. An kuma ja musu iyaka: ba su yin allura, ba su ba da magani, kuma abin da suka gani a ɗakin mace ba na hira ba ne a tashar babura. An sallami mutum ɗaya a kan wannan na ƙarshe, ba wanda ya sake.

Daga asusun aka haɗa akwatin gaggawa wanda ungozoma ke ɗauka: ƙwayar misoforostol mai tsuke mahaifa, wadda ba ta buƙatar firji, allurar taraneksamik wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai zubar da jini cikin awa uku da haihuwa, allurar jijjigar masu ciki, ledojin ruwa, safar hannu da tocila. Kafin kowace tafiya majo ya kira asibitin gunduma, ya kuma ba direba takarda mai ɗauke da lokaci da abin da aka riga aka yi. Da yake a kan nemi dangi su kawo masu ba da jini, matasa 23 suka yarda aka auna rukunin jininsu, aka rubuta sunayensu. Duk mai zubar da jini, biyu daga cikinsu na bin ta a babur. Matan da aka san haihuwarsu na da haɗari, kamar mai tagwaye ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, idan watansu ya faɗo a Agusta ko Satumba, suna ƙetare mayo tun da wuri su zauna a gidan wani Alhaji ɗan garinmu kusa da asibitin gunduma.

Yuni 2023: mai ya tashi

A farkon Fabrairun 2023 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730. Wannan bai girgiza mu ba, don kusan duk baburan arewa zuwa-zuwa suke sha, man Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Amma da aka cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin da muka liƙa a bango ya zama asara ga direbobi. Ba su yi yajin aiki ba, wayoyinsu ne kawai suka fara mutuwa da dare. Mako biyu muka yi a haka kafin shugabansu ya zo ya ce min: "Malam, ba ƙi muka yi ba, amma babur ba ya shan lada." Aka raba lissafin biyu: ladan direba tsayayye, mai kuma a auna masa da lita daga jarkar kwamiti. Da litar ta koma 840 a Fabrairun 2024, ba a sake zama a kai ba.

Agusta 2023: wani daren

Mace mai shekara 31, haihuwa ta shida, ƙauye mai nisan kilomita 9. Ta haihu a gida da 10:15 na dare, mijinta na Ngaundare. Da 10:35 ungozomar gargajiya ta ga zane na biyu ya jiƙe, ta tura yaro gindin kuka ya kira. Da 10:55 babur ya iso da ungozomar asibiti da akwatinta, ta ba ta magani a ɗakinta, ta ci gaba da murza ciki har mai ƙafa uku ya iso. Uwar mijin ce da kanta ta fito da katin awo. Ƙarfe 11:40 suna asibitinmu, aka ɗaura ruwa, aka yi allurar taraneksamik, majo ya kira gunduma. Suka tashi 12:05, suka tarar mayo ya kawo, kwalekwale na jira da tocila, mota na ƙetare da fitila a kunne. Ƙarfe 1:35 tana kan gadon asibitin gunduma. An tarar guntun mabiyiya ne ya maƙale, aka cire, aka ƙara mata jini leda biyu. Ta koma gida ranar biyar.

Daga haihuwa zuwa gadon asibiti awa uku da minti 20. Ta 2021 ta yi awa biyar da minti biyar kafin ma ta ga mayo.

Abubuwan da suka fi ƙarfin tsarin

A Afrilun 2024 wani saurayi ya yi karo a babur ran kasuwa, ba hular kwano a kansa. An ɗauke shi yadda aka koya, ya isa gunduma cikin awa ɗaya, aka wuce da shi Garwa, ya rasu a hanya. Wani manomi da kububuwa ta sara ya isa da wuri ya tarar allurar ta ƙare, sai da aka nemo daga nesa a kan kuɗin da ya sa ya sayar da sa. Akwai magidanta biyu da har yau suka ƙi zuwa awon ciki. Akwai dararen da aka ji labarin zargina, wato 'yan fashi, a hanya, direba ya ƙi fita sai da 'yan banga suka raka shi, aka yi asarar kusan awa guda. Yara kuma kan kira lambar don wasa.

Hukunci

A ganina mun yi kuskure a 2021 saboda mun kalli inda matar ta rasu, ba inda lokacinta ya ƙare ba. Da an gina gada a daren nan, da wuya ta kai. Awa biyu da minti 40 sun tafi a jiran izini da ciniki da neman rance, ba a kan hanya ba, kuma babur mai ƙafa uku bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya faɗi ne don an ba mu inji ba tare da mai, albashi da doka ba, mu kuma ba mu tambaya ba saboda murna. Kuɗin wata-wata ya faɗi don ya saɓa wa yadda kuɗi ke shiga hannun manomi, kuma an bar shi a hannun mutum ɗaya.

Sabon tsarin ya tsaya ne don ya ɗauke kowace shawara daga tsakar dare ya mayar da ita rana tsaka. Izini an ba da shi tun ciki na wata biyar, kuɗin tafiya an yanke shi tun da rani, jini an auna shi tun kafin a buƙace shi, wanda zai tuƙa ya san makonsa. Babu abin da ya rage a tattauna idan waya ta yi ƙara. Na biyu, magani ya fara zuwa wurin mara lafiya kafin mara lafiya ya kama hanya, kuma ina ganin minti 20 ɗin da ungozoma ta yi ta isa ɗakin matar nan ta 2023 sun fi duk sauran tafiyar amfani. Na uku, karanta lissafi a bainar jama'a shi ya dawo da amanar da gwangwani ya zubar.

Ba na kiran abin da muke da shi cikakken agajin gaggawa. Ba mu da iskar numfashi a hanya, ba mu da ma'aikacin da aikinsa ke nan kaɗai, kuma duk daren da ungozoma ta fita ɗakin haihuwa na zama hannun mataimakin majo. Gada, allurar dafi da ma'ajiyar jini hakkin hukuma ne, karo-karon talakawa ba zai ɗauke su ba, kuma takardunmu uku na can suna jiran amsa. Raunin da ya fi damuna shi ne masu waya. Direba ana biyansa, masunci ana biyansa, su kuwa mako guda suke yi ba barcin kirki a kan ba komai. Ɗaya daga cikin ukun ya gaya min zai ajiye bayan kaka, kuma a cikin matasan da ke jin harsunan uku mutum ɗaya kawai ya nuna sha'awa. Na sa batun ba su sefa 5,000 a makon aiki a jerin zaman kwamiti mai zuwa, wanda ke nufin ƙara wa kowane gida kuɗin shekara. Ma'aji ya riga ya ce ba zai goyi baya ba.